Ƙananan ƙudajen Mile 12

Laraba, Agege.

Tun da asuba na bi Kawu kasuwar Mile 12 ta Legas. Malaminmu na ilimin ƙwari ya ce kowa ya kawo samfur, ni kuwa na san lungun da ake jibge ruɓaɓɓen tumatir da ɓawon albasa idan an gama sauke motocin Arewa.

Can na tarar da wasu ƙananan ƙudaje, baƙaƙe wuluk, suna ta sintiri a kan jiƙaƙƙen ganye. Na zuba wasu a kwalba. Kawu ya leƙo ya ce, "Kai yaro, ba irin waɗannan ne ke makantar da mutanen bakin kogi ba?" Na ce, "A'a Kawu, wancan Simulium ne, yana da ɗan doro, kuma macen na shan jini. Waɗannan ba sa cizo, shara kawai suka sani." Ya ce to su ci gaba da aikinsu, ai su ma ƴan kasuwa ne.

Da rana na sa su ƙarƙashin madubin ɗakin gwaji. Ƙahonnin kansu gajeru ne masu kauri, jijiyoyin gaban fiffike sun fito raɗau, na baya kuwa da ƙyar ake ganinsu. Alamun dangin Scatopsidae ke nan. Manyansu ba su wuce milimita 5 ba, kuma a tsarin masana na gargajiya rukuninsu ɗaya da sauro, ba da ƙudan gida ba, abin da ya ba ni mamaki. An san nau'i sama da 250, an kasa su gida huɗu: Aspistinae, Ectaetiinae, Psectrosciarinae da Scatopsinae. Haddar sunayen nan sai da na yi gumi. Tun 1758 masanin halittu Linnaeus ya bayyana ɗaya daga cikinsu, wanda yau ake kira Scatopse notata.

Wanda ya fi burge ni shi ne Coboldia fuscipes, da masanin ƙwari Meigen ya bayyana a 1830. Yau yana kusan ko'ina a duniya, domin tsutsarsa na rayuwa cikin ruɓaɓɓen kayan gona, duk inda kaya suka je kuwa ta je. Legas da ke da tashoshin jiragen ruwa na Apapa da Tin Can, ga tireloli daga Kano kullum, ina zaton ba za ta rasa shi ba. Malam dai ya ce kada in rubuta suna sai mun duba gaɓar namijin, don da ita ake tantance nau'i. Gobe ƙarfe goma za mu zauna.