Abin da ƙurar Kano ta koya mini, da wanda Oga ya koya mini

Ƙarshen watan jiya na miƙa makullin ɗakin kwamfuta na cibiyar da nake aiki. Waɗanda muka yi zama tare sun san wurin, sun san tsofaffin HP da Dell na hannu da aka jera a ƙasan tebura, sun kuma san ƙofar da ba ta rufuwa sai an tokare ta da dutse. Ba zan tsaya lissafa aikin yau da kullum ba. Maganar ƙura nake son yi, don ita ce ta raba ni da Oga.

Mutane suna ɗauka ƙura a hunturu take kashe kwamfuta. A'a, a hunturu shiga kawai take yi. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iska tana kwaso hazo daga Sahara, mafi yawansa daga yankin Bodele a arewacin Chadi, fankokin cikin akwatin kwamfuta kuma suna zuƙarsa dare da rana. Sai ya taru a tsakanin siraran haƙoran ƙarfen da ke sanyaya furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, ya daskare kamar bargo. Da yake gari da sanyi, na'urar tana jurewa, ba wanda zai ji komai. Sai Maris da Afrilu sun zo, zafi ya haura digiri 40, sannan fanka ta fara kuka, aiki ya yi nauyi, kana cikin rubutu kwamfuta ta ɗauke da kanta. Furosesa idan ta doshi digiri 100 takan rage gudu, in abin ya ƙi ta kashe kanta don kada ta ƙone. Wato ɓarnar Afrilu tun Disamba aka shuka ta.

Wannan bayanin na yi wa Oga har bakina ya gaji. Abin da na nema bai taka kara ya karya ba: ƙaramar bulowa ta lantarki, burushin fenti mai laushi, sifirit, da man da ake shafawa tsakanin furosesa da ƙarfenta, sai yinin Asabar ɗaya a rufe aji. Amsarsa ba ta canzawa: "Malam, abin da ke aiki me ya sa za ka buɗe shi?" A wajensa na'ura ba ta da ciwo sai ta mutu, idan ta mutu kuma akwai wanda ya kashe ta.

Da zafi ya shigo suka fara ɗaukewa ɗaya bayan ɗaya, ɗalibai suna ƙorafi, sai ya tuna da maganata, amma ta hanyarsa. Ranar da na tafi ɗaurin auren ƙanina ya sa yara suka kwashi akwatunan zuwa wajen mai faci na bakin titi, aka hura su da injin ba taya iska. Yaran da kansu suka ba ni labarin yadda fankokin suke juyawa suna fito, kowa yana dariya. Iskar mai faci ƙarfinta ya wuce kima, kuma tankin yana tara ruwa da ɗan mai, yana feso su tare da iskar. Aka dawo da su, ba a jira sun sha iska ba aka jona wuta. Biyu ba su sake tashi ba, wasu kuma fankarsu ta koma gurnani.

Da na dawo ya kira ni ofis. Na ce, "Yallaɓai, ai ba na nan aka yi." Ya ce, "Wa ya kawo maganar share ƙura a gidan nan?" Shi ke nan shari'ar. Aka yanke kuɗin gyara daga albashina, kashi biyu, wai don a tausaya mini. Na yi shiru saboda ina da iyali, amma daga ranar zuciyata ta bar wurin.

Ga wanda zai gaje ni, aikin ba wuya gare shi. Kashe na'urar, zare wayar daga bango, danna maɓallin kunnawa na 'yan daƙiƙu don sauran wutar ta fita. Fitar da akwatin waje, ka tsaya ta inda iska ke tahowa, ka sa takunkumi. Kafin ka hura kowace fanka, danne ta da yatsa ko tsinken sakace. Idan ka bar ta tana gudu da iskar bulowa, ƙwallayenta za su ci. Huri kaɗan-kaɗan daga ɗan nesa, abin da ya maƙale ka bi shi da burushi. Akwatin wuta kuwa, wato ƙaramin akwatin da wayar bango ke shiga, ta ramukansa za ka hura, kada ka kwance shi, akwai sassan da ke riƙe caji bayan an zare waya. Idan ka ɗaga ƙarfen kan furosesa, to dole ka goge tsohon man da sifirit ka ɗiga sabo ɗan kaɗan a tsakiya. Wanda ya mayar da ƙarfen a kan busasshen mai ya ƙara wa na'urar zafi ne, gara ma bai taɓa ba.

Wannan ɗan jan wutar da kake ji idan ka taɓa ƙofar mota a hunturu ya isa ya lalata ram, wato 'yar sandar da ke riƙe wa kwamfuta aikin da take kai, don haka taɓa ƙarfen akwatin kafin ka kai hannu ciki. Ram da ta ƙi tashi, sau da yawa abin goge fensir a kan haƙoranta ya wadatar. Ɗaga akwatunan daga ƙasa. Tsumma mai ruwa na goge jikin akwati ta waje ne kawai.

Lokacin shara shi ne ƙarshen Fabrairu, hazo ya lafa, zafi bai kankama ba. Kafin ka kwance ko da ƙusa ɗaya, tura wa Oga saƙo a WhatsApp ka jira ya amsa a rubuce, ka ɗauki hoton cikin kowace na'ura, ka kuma kunna ta a gabansa bayan ka gama. An ce mini ya sayi bulowa satin da na tafi. Ka tambaye shi rasit ɗinta, ina son sanin ko ta kai rabin abin da aka yanke mini.