Asabar ɗin da Ba a Kaɗa Ƙararrawa

Maigidana ya rasu ƙarshen Janairun 2024, hunturu bai gama sakin gari ba. Ba a jima da watsewar 'yan gaisuwa ba sai ga Larabar Toka, 14 ga Fabrairu. Na bi layi kamar kowa, Fada ya shafa min toka a goshi yana tuna min cewa ni ƙasa ce, ƙasa kuma zan koma. A raina na ce, Fada, wannan karatun ai a bakin kabari na haddace shi.

Azumin kwana arba'in bai ba ni wuya ba, tunda dama abincin ba ya wuce min maƙogwaro. Hanyar Gicciye ma, addu'ar tuna wahalar Yesu, duk Juma'a ina zuwa, tasha goma sha huɗu, in durƙusa in tashi. Asabar ce ta kayar da ni.

A gidanmu jajibirin Ista ranar hidima ce. Tun da sassafe maigidana zai tari Adaidaita Sahu daga Badawa zuwa kasuwar Sabon Gari, ya dawo da kaji biyu ɗaure da ƙafa yana mitar tsada, kamar bara ma bai yi mitar ba. Ni ina wajen mai kitso, yara suna zaman jiran ɗinki a shagon tela, ga niƙan tattasai da attaruhu. Duk shekarun nan ban taɓa tambayar kaina ranar mece ce ba. Alhali coci ba ta ɓoye ba: babu Mas, wato babbar sujadarmu, da rana, bagade tsirara ba zane ba fure, ƙararrawa ta yi shiru tun daren Alhamis, Halleluya kuwa tun Larabar Toka aka naɗe ta aka ajiye.

Ran 30 ga Maris na tashi ba mai zuwa sayen kaji. Ƙanwata ta ce ta je, na ce ta bari. Ba wuta, zafin bazara ya sauka, takalminsa na nan bakin ƙofa inda ya cire shi. Na shimfiɗa tabarma a tsakar gida na buɗe ƙarshen Luka sura 23, wurin da na saba wucewa da gudu don in kai ga kabarin da ba kowa.

Matan da suka biyo Yesu daga Galili sun ga inda Yusufu mutumin Arimatiya ya sa gawar. Suka koma gida suka haɗa kayan ƙanshi da mai. Sai Asabar ta shiga, doka ta ce a huta, suka zauna. Nan na tsaya. Ga kaya a hannu, ga wanda suke ƙauna a cikin dutse, ba halin motsi. Kuma su ba su san da Lahadin da Yesu zai tashi daga matattu ba. Mu da muka san ƙarshen labari ne muke musu gaggawa. Da asubar ma da suka fita, Markus ya ce maganar da ke bakinsu ita ce wa zai mirgine musu dutsen. Gawa suka tafi shafawa. Ba wanda ya zarge su da rashin bangaskiya, kuma su aka fara yi wa albishir.

Abin ya sanyaya min rai, don tun rasuwar ake min wa'azi. Wasu a Zumuntar Mata, da kyakkyawar niyya dai, da sun ga hawayena sai su ce, “Haba Mama, kada ki yi baƙin ciki kamar marasa bege.” Rabin ayar suke ɗauka. Bulus bai hana Tasalonikawa baƙin ciki ba, irin na wanda ba ya sa zuciya ga komai ya hana. Yesu da kansa ya yi hawaye a kabarin Li'azaru, yana sane zai tashe shi. Ni ma na sha faɗa wa masu makoki “ya isa haka”. Daga ranar na daina.

Dab da magariba Hajiya maƙwabciyarmu ta shigo da kunun tsamiya da ƙosai, don shekarar azuminmu ya haɗu da nasu. Ta same ni ba kitso, ba tukunya a wuta.

“'Yata, gobe ba sallarku ba ce?”

“Ita ce, Hajiya. Yau dai zama nake.”

Ta gyara zama a gefen tabarmar. Ita ta yi takaba, wata huɗu da kwana goma. “Zauna abinki,” ta ce. “Kwanakin nan ba a tsallake su, ɗaya bayan ɗaya ake ƙirgawa.” Ba ta ƙara ba har aka kira salla.

Da dare na ja yara muka tafi coci. An hura wuta a fili, Fada ya kunna babban kyandir, muka bi shi cikin majami'a da duhu, kowa yana kunna nasa daga na maƙwabcinsa. Aka yi ta karatu tun daga Farawa. Can sai ƙararrawa ta ɓarke, ganguna suka ɗauka, daga baya aka saki Halleluya.

Na buɗe baki, ba ta fito ba. Na gaskata maigidana zai tashi, wallahi na gaskata, amma gefena na dama a bencin ba kowa. Autata ce ta rera da ƙarfi, muryarta na karkacewa kamar ta babanta, ina riƙe da kafaɗarta.

Da muka dawo ƙanwata ta riga ta saci jiki ta sayo kaza ɗaya. Na ɗaura zani na ɗora ruwan fige ta.