Abin da ajin Ru'ya ta Yohanna ya koya mini

Yawancinmu mun shiga ajin Ru'ya ta Yohanna a makarantar Littafi Mai Tsarki da zumuɗin abu ɗaya, wato a gaya mana ko wane ne dabbar nan ta sura 13, kuma saura shekara nawa duniya ta ƙare. Malaminmu dattijo ne da ya daɗe yana aikin bishara a karkara, ya san halin ɗalibai. Ya tsare mu a sura 2 da 3 har aka fara gunaguni. Ƙa'idarsa ita ce kada mutum ya tambayi annabci labarin gobe sai ya san abin da ya faɗa wa mutanen da aka fara karanta musu shi.

Littafin wasiƙa ce kafin komai. Yohanna ya rubuta ta daga tsibirin Batmusa zuwa ga ikilisiyoyi bakwai a yammacin ƙasar da yau ake kira Turkiyya. Iraniyus, bishop na birnin Liyon a ƙarni na 2, ya ce an ga wahayin ne gab da ƙarshen mulkin sarki Domitiyan, wajen shekara ta 95. Garuruwan kuwa na gaske ne, da kasuwanninsu da masu mulkinsu.

Lawudikiya ce ta fi buɗe mini ido. Gari ne na masu hada-hadar kuɗi, ya yi suna da baƙin ulu da kuma maganin ido. Girgizar ƙasa ta rushe shi a shekara ta 60, mutanensa suka sake gina shi da aljihunsu, ba su karɓi taimakon Roma ba. To sai ga Yesu yana ce wa ikilisiyar garin, kina cewa ke mai arziki ce, ba ki rasa komai ba, alhali ke matalauciya ce, makauniya, tsirara. Ya ce su sayi zinariya a wurinsa, da fararen tufafi, da maganin shafawa a ido. Abubuwa ukun da suke taƙama da su, su ya taɓa. Wanda ya ji wannan a Lawudikiya ba ya bukatar mai fassara. A Burgamas kuma tun shekara ta 29 kafin haihuwar Almasihu aka gina haikalin girmama sarkin Roma, a garin ne aka kashe wani mai bi, Antibas, saboda shaidar Yesu. Mutanen da aka rubuta wa littafin suna fuskantar tambaya ɗaya kullum: wa za ka kira Ubangiji, Kaisar ko Yesu, idan amsar za ta iya raba ka da sana'arka ko da ranka?

Da muka iso sura 13, mun iso ta da wannan tambayar a zuciya. A Helenanci da Ibrananci haruffa su ne lambobi, don haka kowane suna yana da jimlarsa. Masana da yawa sun nuna cewa sunan Kaisar Nero, wanda ya tsananta wa Kirista bayan gobarar Roma a shekara ta 64, idan aka rubuta shi da haruffan Ibrananci yana ba da 666, wato lambar dabbar da sura 13 ta ambata. Akwai tsofaffin rubuce-rubucen hannu da ke ɗauke da 616, wanda shi ma ya dace da wata hanyar rubuta sunan. Ba kowa ne ya yarda Nero ake nufi ba, da yawa suna jiran wani mai zuwa, ni ma ina ganin maganar ba ta ƙare a kan Nero ba. Amma abin da ya tsaya mini shi ne halin Iraniyus. Shi almajirin bishop Polikaf ne, Polikaf kuwa an ce ya zauna da Yohanna. Duk da kusancin nan, ya lissafa sunayen da suka dace da lambar, ya ƙi yanke hukunci a kan ko ɗaya, ya ce ya fi aminci a jira cikar annabcin. Mu da muke nesa da shekara kusan 1,900 ne muke da gaggawar ambaton suna.

Amfanin wannan karatu ya same ni a wurin aiki. Lokacin da bankuna suka matsa a kan lambar BVN, wata gwauruwa a ikilisiyarmu ta daina zuwa banki, alhali kuɗin fansho na mijinta yana can. Ta ce mini, "Malam, na gwammace yunwa da in karɓi alamar dabba." Ban yi mata dariya ba, domin bangaskiyar da ta sa ta yarda da yunwa ba abin wasa ba ce. Na ce, "Mama, mu karanta tare." Muka bi sura 13 da 14 a hankali, ta ga da idonta cewa alamar tana tafiya ne tare da sujada, masu karɓarta masu yi wa dabbar sujada ne. Na tambaye ta ko a banki an ce ta musanci Yesu. Ta ce a'a, yatsa kawai ake dangwalawa. Ta je ta karɓi haƙƙinta. Bayan BVN an faɗi haka a kan NIN, an faɗa a kan 5G da allurar rigakafin korona. Masu tura saƙon a WhatsApp ba sa zuwa su ga abin da ya jawo wa irin su Mama.

Tarihin masu sa ranar dawowar Almasihu ma mun karanta shi, kuma ya kamata kowane mai wa'azi ya sani. William Miller, manomi ɗan Baftis a jihar New York ta Amurka, ya ɗauki kwana 2,300 na Daniyel 8:14 a matsayin shekaru. Mabiyansa suka tsaya a kan 22 ga Oktoba 1844, wasu har suka bar amfanin gona ba su girbe ba. Ranar ta zo ta wuce. Harold Camping, mai gidan rediyo a Amurka, ya sa 21 ga Mayu 2011, mutane suka zuba dukiyarsu a allunan talla, daga baya shi da kansa ya yarda ya yi kuskure. Na Kanungu a Yuganda ya fi ciwo. Shugabannin wata ƙungiya sun ce duniya za ta ƙare a ƙarshen 1999, mabiya suka sayar da abin da suka mallaka. A ranar 17 ga Maris 2000 wuta ta cinye ɗaruruwa a cikin ɗakin sujada, da aka haɗa da gawawwakin da aka tono daga baya, adadin ya haura 700. Miller mutum ne mai son Littafi, ba mayaudari ba ne, kuma wannan ya fi ba ni tsoro. Yesu ya faɗa a Matiyu 24:36 cewa ba wanda ya san ranar ko sa'ar sai Uba, ya sake gaya wa almajirai a Ayyukan Manzanni 1:7 cewa sanin lokatai ba nasu ba ne. Maganar a fili take, amma kowane zamani sai an sami mai lissafi.

Na kuma koyi cewa tsarin da na taso da shi, fyaucewa (wato ɗauke masu bi zuwa sama) sannan tsananin shekara bakwai sannan mulkin shekara dubu, John Nelson Darby ne ya tsara shi haka a shekarun 1830, ya bazu sosai ta Littafi Mai Tsarki mai ɗauke da bayanan Scofield na 1909. Cikin malaman ikilisiya na dā, Agustin ya ɗauki shekara dubun a matsayin zamanin ikilisiya na yanzu. Yustin Shahidi ya sa ran mulki na zahiri a duniya. Dukansu sun gaskata Almasihu zai dawo, matattu za su tashi, za a yi shari'a. Ina da ra'ayina a kan jerin abubuwan, ina kuma koyar da shi, amma ba na yarda a raba zumunci a kansa.

Inda na fi ganin littafin yana aikinsa shi ne cikin 'yan'uwan da rikici ya koro daga ƙauyukansu suka zauna tare da mu. Da muka yi nazari tare, ba wanda ya tambayi shekara. Wani dattijo da ya rasa 'ya'yansa ya tsaya a kan sura 6, inda rayukan waɗanda aka kashe suke kuka suna tambayar Ubangiji har yaushe zai jinkirta shari'a. Ya ce, "Ɗana, ashe an rubuta tambayata." Muka daɗe a wurin, muka wuce sura 21 inda Allah ya yi alkawarin share hawaye, mutuwa kuma ba za ta ƙara kasancewa ba. Bayan addu'a dattawan ikilisiya suka zauna lissafin irin masara da takin da za a haɗa musu, da gonakin da za a ba su aro, domin damina ta kusa.