Rajista ta fi katin sakamako faɗin gaskiya

Daren Laraba na zauna da takardun jarrabawar 'yan ajina, aji huɗu, ina haɗa maki ina jera su daga na ɗaya zuwa na ƙarshe. A duk aikin koyarwa babu abin da ba na so kamar wannan jerin. Makarantarmu ta gwamnati ce, a bakin garin Gombe, inda gidaje ke ƙarewa gonaki su fara. Da na gama sai na janyo rajista na ajiye kusa da takardar makin, ina bin suna ɗaya bayan ɗaya. Goman farko, da wuya ka ga wanda ya yi fashin kwana uku a zangon nan. Goman ƙarshe kuwa, layinsu a rajista sifili ne reras, wato alamar fashi, sai ka ce an jera ƙwai a faranti.

Ajin nawa ya haura yara tamanin. A kwalejin horar da malamai an karantar da mu cewa tsarin ilimi na ƙasa ya ce malami ɗaya, yara 35. In na tuna sai in yi murmushi kawai. Amma yau ba yawansu ne ya dame ni ba. Su waye a cikin ajin?

Akwai 'ya'yan ƙananan ma'aikata da 'yan kasuwa, waɗanda kuɗin makarantar kuɗi ya gagari iyayensu suka dawo da su wurinmu. Su ne ke zuwa da littafi da biro da kuɗin tara, kuma akwai mai tambayarsu a gida, "Me aka koya muku yau?" Akwai 'ya'yan manoma, su kuma kalandar makaranta ba ta san da zamansu ba. Zangon farko daga Satumba zuwa Disamba yake, daidai lokacin kaka. Yaro zai ɓace mako biyu yana roron wake ko cirar gyaɗa, ya dawo an wuce babin raba lamba, kuma babu mai komawa baya dominsa. Zango na uku ya faɗa kan shuka da noman fari. Wasu ma ba gonar gidansu suke zuwa ba, ƙwadago suke yi, abin da aka biya su shi ne cefanen ranar.

Sai maganar harshe, wadda mutane ke rainawa don suna ganin ai kowa a Gombe yana jin Hausa. Jin Hausar kasuwa daban, karatu da ita daban. Ina da yaran da Fulatanci ake yi a gidajensu, da 'yan Tangale da iyayensu suka taso daga wajen Billiri da Kaltungo, da Terawa, da Barebarin da rikicin Borno da Yobe ya koro iyayensu tun wajen 2014 suka zauna nan. Tsarin da muka karanta ya ce aji ɗaya zuwa uku a koyar da harshen gida ko na yankin, daga aji huɗu Turanci ya karɓa. Wato a ajina ake wannan juyi. Yaron ruga ya sha fama ya kama Hausa, bai gama zama daram a kanta ba, sai a ce ga tambayar jarrabawa da Turanci. Harshe na uku ke nan a kan yaro ɗan shekara tara. In ya faɗi sai mu rubuta masa a kati cewa ya ƙara ƙoƙari.

Wadda ta fi tsaya mini a rai wata yarinya ce da ke zama kusa da taga. Ba ta shigowa sai an kusa fita tara, don sai ta sayar da ƙosan safe. A takarda ta zo ta saba'in da wani abu. Ran nan na gwada su da baki: mutum ya sayi ƙosai na naira 350 ya ba da dubu ɗaya, nawa ne canjinsa? Kafin na rufe baki ta ce, "Ɗari shida da hamsin, Malam." Wanda ya zo na ɗaya yana nan yana lissafi da yatsu. Na rubuta lambobin nan a allo, ɗaya a kan ɗaya, da alamar ɗebewa, sai ta tsaya tana kallona. Lissafin yana kanta, rubutunsa ne ba a taɓa zama an nuna mata ba, don kullum darasin lissafi shi ne na farko da safe.

Na kai maganar wurin hedimasta, na ce ko za a mai da lissafi bayan tara a ajina. Ya ce, "Malam, jadawalin ba ni na tsara shi ba, amma ajinka ne, ni ban ga komai ba." Na gode masa na fito.

Dokar ilimin bai ɗaya ta 2004 ta ce karatun shekara tara kyauta ne kuma dole. Kyauta ne, ban musa ba, amma yunifom da littafin rubutu ba kyauta ba ne, haka ma cinikin da uwa za ta rasa in ta bar 'yarta ta zo da wuri. Lokacin da shirin ciyar da ɗalibai da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a 2016 ya iso nan, 'yan aji ɗaya zuwa uku kaɗai ake ba wa, kuma da idona na ga azuzuwan nan sun cika maƙil. Da abinci ya daina zuwa, benci ya fara samun wuri.

Jiya da aka raba kati, wani dattijo ya zo riƙe da hannun ɗansa, ransa a ɓace, ya ce, "Malam, yaron nan ba ya ja, gara in mai da shi gona gaba ɗaya." Na ce, "Baba, zauna tukuna." Na buɗe rajista na nuna masa layin ɗan nasa, muka ƙirga sifilin tare, ashirin da uku. Ya yi shiru, can ya ce ai shi ya riƙe shi, wake ne ya nuna gaba ɗaya kuma ba shi da kuɗin 'yan ƙwadago. Na ce to ya bar mini shi daga Janairu zuwa Maris, tunda rani ne babu aikin gona, mu gani. Ya ce zai duba. Yarinyar kusa da taga kuwa ba a zo karɓar nata katin ba, yana nan cikin aljihun teburina.