Kwabon da na datse

A shekarata ta farko a banki babu kalmar da ta ruɗe ni kamar tirankeshan. Ma'anarta dai datsewa, amma abin da ake datsewa ya danganta da teburin da kake zaune.

A sashen caki, tafiyar takarda ake datsewa. A da sai an kwashi cakin a jaka an kai wurin tantancewa kafin ya isa bankin da zai biya. Da Babban Bankin Najeriya ya fara sabon tsari a Legas a 2012, ya game ƙasa a 2013, sai takardar ta riƙa tsayawa a bankin da ya karɓe ta, hotonta gaba da baya da lambobin nan na gindinta su tafi ta kwamfuta. Wannan ban sha wahalar gane shi ba.

Na lissafi ne ya kunyata ni. An ce in fitar da kason ribar masu ajiya, na sa TRUNC mai datse wutsiyar lamba a manhajar lissafi ta Excel maimakon ROUND mai kai ta ga mafi kusa, a zatona Ɗanjuma ne da Ɗanjummai. Naira 47.869 ta koma 47.86, alhali mafi kusa da ita 47.87 ce. Abin da bai cika kwabo ba. To amma layuka dubbai ne, jimilla ta ƙi haɗuwa, ga shi an yi isha'i ba wanda ya tafi gida.

Ogana ya leƙo ta kafaɗata, ya dubi allon, ya ce, "Malam, wuƙar nan taka gefe ɗaya take ci." Idan kana kai lamba ga mafi kusa, yau ka ƙara gobe ka rage, kuskuren ya cinye juna. Datsewa kuwa kullum ragi ne.

Shi ya ba ni labarin kasuwar hannun jari ta Vancouver a Kanada. Sun fara ma'auninsu na farashin hannayen jari da 1,000 a Janairun 1982, kwamfuta tana sake lissafi sau dubbai a rana, kowane karo tana yar da abin da ya wuce gurbi uku bayan ɗigo. Zuwa Nuwamban 1983 ya gangaro kusan 525. Da aka sake lissafin yadda ya kamata, sai ga shi kusan 1,099.

Namu giɓin bai kai naira hamsin ba. Shayi da burodin da na saya wa mutanen da na hana barci a daren nan ya ninka shi sau da yawa.