Godiya ga mutanen layinmu bayan guguwar Beryl

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Alhamdu lillahi. Yau kwana huɗu da dawowar wuta, amma sai daren jiya na yi barcin da za a kira barci. A kicin nake zaune, firji yana ƙugi a bayana, kuma duk sanda ya ɗan tsagaita sai gabana ya faɗi. Mahaifiyata Hajiya tana ɗaki tana lazimi, jiki Alhamdu lillahi. 'Yan uwa na Zariya da Kano da Maraɗi da suka yi ta kira ban ɗauka ba, ku yafe mini. Wani lokaci ba caji, wani lokaci ba layi, wani lokaci kuma bakin ne ya yi nauyi.

Ba sai na maimaita muku labarin ba, kun bi shi tare da mu. Beryl ta shigo ta gaɓar Matagorda, a jihar Texas ta Amurka, da asubahin Litinin 8 ga Yulin 2024, kafin hantsi ta iso kanmu a Houston, gidaje da shaguna sama da miliyan 2 suka shiga duhu. Mu rabonmu kwana 8 ne, da reshen da ya huda rufin gareji, da dangar baya da ta kwanta. Iskar ma da sauƙi a kan zafin da ya biyo bayanta. A gida in zafi ya yi zafi, tabarma ake shimfiɗawa a tsakar gida a kwana. Nan gidan katako ne da aka gina shi don na'urar sanyaya ɗaki, tana mutuwa ya zama tanda, ga danshin iska da ba ya barin gumi ya bushe, ga sauro a waje. Maigida yana Najeriya wajen jinyar mahaifinsa. Ni ce da yara uku da Hajiya, ita kuma mai ciwon suga ce, kullum sai ta yi allurar insulin.

Ga waɗanda ba su san tsarin nan ba: unguwanni da yawa a Texas, ranar da ka sayi gida ka zama ɗan ƙungiyar masu gidaje, domin sharaɗin yana cikin takardun gidan. Duk shekara ana biyan kuɗi, da shi ake yanke ciyawar filin wasa, a gyara wurin iyo da zauren taro. 'Yan kwamiti maƙwabta ne da ake zaɓa, ba a biyansu ko sisi. Akwai dokoki kuma, na tsayin ciyawa, da launin fenti, da inda za a ajiye kwandon shara. Shekara 6 muna unguwar nan, abin da ya haɗa ni da ƙungiyar kuɗi ne da takarda. A watan Maris aka aiko mana takardar gargaɗi saboda Hajiya ta shanya zannuwanta a dangar da ke kallon titi. Na ji zafin abin sosai, na ɗauke shi raini. Daga ranar Hajiya ta raɗa wa dattijuwar da ke zagaya unguwa da allon rubutu a hannu suna Mai Takarda.

Mutanen da zan gode wa sun ce kada in ambaci kowa. Na ji, amma yaba kyauta tukuici, ba zan iya yin shiru ba. Zan kira su da sunayen da Hajiya ta sa musu, tunda nasu na yanka ba sa zama a bakinta, kuma duk ɗan layinmu zai gane wa nake nufi.

Da la'asar ɗin ranar Litinin, ruwa bai gama ɗaukewa ba, aka ƙwanƙwasa ƙofa. Mai Takarda ce da allonta. Tana bi gida gida tana tambaya: akwai tsoho, akwai jariri, akwai mai maganin da ke buƙatar sanyi, akwai mai injin numfashi? Na faɗa mata na Hajiya, ta rubuta, ta nuna mini gidanta, na huɗu daga namu, ta ce ko ƙarfe nawa ne in buga. Ashe tun bayan sanyin Fabrairun 2021, wanda ya fasa bututun ruwa a gidaje ya kashe mutane a faɗin jihar, suka kafa 'yan sa-kai, kowane layi da mai kula da shi. Suna ta sanarwa a takardar labarai ta wata wata, ni ce ban taɓa buɗe ta ba.

Dogo, maƙwabcinmu na dama, shi ya karɓi insulin ɗin ya sa a firjinsa, domin zafi irin wannan lalata shi yake yi. Washegari ya jefo mana doguwar wayar wuta ta kan dangar da ta faɗi, muka samu fanka ɗaya da wurin caji. Sai ya yi awa uku a layin gidan mai kafin ya samo fetur, ya ƙi karɓar ko dala ɗaya a hannuna. Ya ja janaretansa can nesa da tagoginmu da nasa, ya zaunar da yarana ya yi musu bayanin hayaƙin nan marar wari da ke kashe mutane a cikin barci. Ƙarfe 12 na dare yake kashewa don man ya kai.

Daren Laraba ne ba zan manta ba har in koma ga Allah.

Zafi ya hana Hajiya cin abincin kirki, amma ta yi allurarta yadda ta saba. Wajen ƙarfe biyu na ji tana magana ƙasa ƙasa, tana kiran sunan mahaifinmu, wanda ya rasu shekara 11 da suka wuce. Na taɓa ta, jikinta sanyi ƙalau, sharkaf da gumi. Na ce “Hajiya, Hajiya,” ta dube ni kamar ba ta taɓa ganina ba. Na ɗauko na'urar gwajin suga, hannuna yana rawa har na kasa sa tsinken a ciki. Waya ta ƙi fita. Na ce wa babbar 'yata ta riƙe kakarta, na zura hijabin sallah a kan rigar barci, na fita ba takalmi. Titi baƙi ƙirin, ba fitila ko ɗaya, rassa ko'ina. Ban san abin da nake karantawa ba, bakina dai yana ta Hasbunallahu wa ni'imal wakil.

Bugu biyu na yi ta buɗe. Matar nan ta haura shekara 70. Ba ta tambaye ni komai ba, ta sa tocila a goshi, ta sunkuci wata 'yar jaka da ke rataye a bayan ƙofa, ta ce mu je. A hanya ne take gaya mini shekara 30 ta yi tana aikin nas. Ta durƙusa gaban Hajiya ta gwada, na'ura ta nuna 48, wato suga ya faɗi ƙasa sosai. Da ta tabbatar tana iya haɗiya, sai ta tallafo kanta ta riƙa ba ta lemon kwali kaɗan kaɗan, tana cewa “Mama, Mama” a hankali, kamar mai lallashin yaro. Mijinta yana tsaye a bakin ƙofa da makullin mota a hannu, idan abin ya ƙi a wuce asibiti. Ta duba agogo, ta ce sai minti 15 za a sake gwadawa. Ban taɓa sanin minti 15 yana da tsawo haka ba. Gwaji na biyu ya hau, na uku ya haura 70, ta sa na shafa man gyaɗa a burodi aka ba ta.

Ta zauna a ƙasa, a kan dardumar Hajiya, tana yi mata fifita da allon nan nata har aka kusa asuba. Can Hajiya ta buɗe ido sosai, ta ƙura mata, ta ce da ni, “Ke, Mai Takarda ce?” Na ce ita ce. Sai ta kamo hannunta da hannu biyu ta shiga addu'a: yadda kika rufa mana asiri Allah ya rufa miki, Allah ya raya miki zuri'a, Allah kada ya nuna miki ranar da za ki nemi taimako ki rasa. Matar ta juyo ta ce in fassara mata. Na buɗe baki, kuka ya ƙwace. Ta ce ba komai, ta gane, ta ce “amin” yadda ta ji 'yata tana faɗa. Sai a lokacin ta haska ƙafata ta ga jini, ashe na taka ƙusar danga ban ji ba. Ta wanke ta ɗaure, da safe ta kai mu wajen likita ni da Hajiya a motarta, aka yi mini allurar tetanus, aka gyara wa Hajiya awon maganinta. Har yau ba ta taɓa tayar da zancen zannuwa ba, ni ma ban tayar ba. Baiwar Allah, na gode. Na yi miki mummunan zato wata huɗu, ina roƙon ki yafe mini.

Daga ranar da rana a zauren taro Hajiya take wuni, inda kwamiti suka sa babban janareta da sanyi saboda tsofaffi da masu jarirai. Matasa suna karɓa karɓa wajen kai su da dawo da su.

Sai zancen nama. Babbar Sallah ta wuce da mako uku kacal, rabin ragon layyarmu yana firiza, ranar Talata ya fara saki. Ina tsaye ina tunanin zubarwa, Hajiya ta ce a ina aka taɓa zubar da naman layya, a gida wa ya san firiza? Ta sa aka fito mata da kujera bakin gareji. Maman 'Yan Biyu, 'yar Anambra da ke bayanmu, ta kawo murhun gas da babbar tukunya. Maƙwabciyarmu 'yar Pakistan ta kawo nata naman da albasa. Aka tafasa, aka soya shi ƙayau har ya bushe, Hajiya tana nuna wanda ya yi da wanda bai yi ba. Mai Ganga, ɗan Meksiko na ƙarshen layi, ya turo gangar gashinsa, kuma ba wanda ya ce masa komai ya kankare ragar da soso da sabulu, ya shimfiɗa takardar gashi a kai, domin ya san ba ma cin alade. Wannan kaɗai ya ishe ni sanin mutumcinsa. Muka barbaɗa yajin ƙuli, layi guda aka ci a tsaye a titi. Sauran soyayyen ya kai mu har rana ta takwas, da shi muka tarbi ma'aikatan wutar da suka zo daga wasu jihohi suna hawa turaku cikin wannan rana. Allah ya mayar da su ga iyalansu lafiya.

Gayyar ranar Asabar ma ina godiya. Masu zarto mai inji, da yaran da suka yi ta jan rassa, da wanda ya hau rufin gareji ya ɗaura tampol, da Mai Lissafi, ma'ajin ƙungiya, da ya zauna da ni muka cike takardun inshora da na FEMA, hukumar ba da agajin gaggawa ta gwamnatin Amurka. Ya kuma gaya mini in dai irin dangar da ta faɗi za mu mayar, ba sai mun jira amincewar kwamitin gine-gine ba. Samarin masallacinmu sun zo sau biyu da ruwa da ƙanƙara, suka raba wa kowa ba tare da tambayar addininsa ba. Allah ya yi muku albarka.

Akwai abin da na so in haɗiye, ya ƙi wucewa. Muna da 'yan uwa na jini a garin nan, tafiyar minti 25 tsakaninmu, wutarsu ta dawo tun ranar Talata. Na san kowa da abin da ya dame shi, kuma ban riƙe kowa ba. Sai dai sau biyu Hajiya tana tambayata ko sun kira, ina ce mata layi ne ba kyau. Zumunci a ƙafa yake, tsohuwa kuma ba ta mantuwa. Ƙofa a buɗe take, ku zo ku gaishe ta kafin ta koma gida.

Ya Allah, duk wanda ya ɗauke mana ko da reshe ɗaya, ka ɗauke masa nauyin duniya da lahira. Wanda ya shayar da mu ruwan sanyi, ka sanyaya masa zuciya. Wanda ya haska mana duhu, ka haska masa hanyarsa, ka shirye shi, ka tsare masa 'ya'yansa. Waɗanda suka rasa 'yan uwa a guguwar da zafin da ya biyo baya, Allah ka ba su haƙuri. Waɗanda har yanzu rufinsu tampol ne, ka hore musu abin gyarawa. Ka ba surukina lafiya, ka dawo mana da maigida lafiya, ka ƙara wa Hajiya nisan kwana mai albarka. Allah ka kiyaye gaba, domin lokacin guguwa a nan sai 30 ga Nuwamba yake ƙarewa. Amin summa amin.

Ranar Asabar ƙarfe 10 za a yi taro a zaure kan kwashe tarkacen bakin titi. An ce a ware rassa daban, katakon danga daban, don motocin ba sa haɗawa. Na ba da sunana a cikin 'yan sa-kai na layinmu, zan riƙa duba gidajen da ke da tsofaffi waɗanda ba sa jin Turanci. Wayar wutar Dogo tana nan na naɗe ta a bakin ƙofa, Hajiya ta hana a mayar. Ta ce ba a mayar da kwano ba komai a ciki, sai gobe in ta gama suyar dubulan, kuma na Mai Takarda da hannunta za ta kai.