Timpani: wurin bugu, riƙon gula da zaɓenta

Timpani, wadda makaɗan fanfar, wato ƙungiyar masu busa da kiɗan fareti, a Garwa ta Kamaru da Njamena ta Chadi suka fi sani da timbal, 'yar'uwar tambari ce: tukunyar tagulla da aka rufa da fata ko roba. Bambancinta shi ne feda, wadda idan ka danna gabanta sai fatar ta ɗame, murya ta hau. Cikakken jeri tukwane huɗu ne, masu faɗin inci 32, 29, 26 da 23.

Kada ka bugi tsakiya, nan amo ya mutu, sai dai ka ji "dum" busasshe. Wurin bugu yana kamar santimita 10 daga baki. Riƙe gula, wato sandar bugu, tsakanin babban yatsa da manuni, sauran yatsu su tallafe ta ba matsi. A riƙon Faransa babban yatsa na sama, a na Jamus tafin hannu na kallon ƙasa. Kowanne ka ɗauka, abin da ke fitar da amo shi ne ɗagawa. Gula ta taɓa fata ta tashi nan take, kamar ka taɓa garwashi. In ta kwanta ko na ƙiftawar ido, ta shaƙe muryar. Rugugi kuwa, wato bugu a jere da ke ba da dogon amo, dama da hagu ake yinsa, bugu ɗaiɗai, ba a barin gula ta yi tsalle sau biyu irin na ƙaramar ganga. Babbar tukunya tana son rugugi a hankali, ƙarama mai ɗamammiyar fata tana son sauri. Wanda ya yi gaggawa a kan inci 32, kowane bugu kashe na gabansa yake yi. In za ka tsayar da amo, ɗora yatsu uku na ƙarshe a daidai inda ka buga.

Gula kuwa sanda ce ta gora ko katako, kanta ƙwallo ne da aka lulluɓe da matsattsen ulu. A kalla a tanadi iri uku: mai laushi don rugugi mai sanyi, matsakaiciya don yawancin aiki, mai tauri don kiɗa mai sauri. A ganina, mai kiɗa a fili, kamar faretin 20 ga Mayu, ranar ƙasa a Kamaru, ya jingina ga mai tauri, domin babu bangon da zai maido da amo, kuma mai laushi ɓacewa take yi ƙarƙashin ƙahonni. Gular dama da ta hagu su zama nauyi ɗaya. Ka yi wa ɗinkin ulun alama, kada ka buga da gefen nan, yana ba da ƙas-ƙas. Kada a shafa ulun da hannu, gumi da maiƙo suna dunƙule shi. A ajiye a jaka saboda ƙurar hunturu.

Fatar maraƙi ta fi daɗin murya, amma busasshiyar iskar Marwa tana ɗame ta har ta tsage, damshin daminar Ngaundere kuma ya sake ta. A yankinmu roba ta fi kwanciyar hankali. Wajen ɗaure kusoshin baki masu ɗame fatar, a bi su biyu-biyu masu fuskantar juna, rubu'in juyi kowane karo, ana ƙwanƙwasa kusa da kowanne har muryarsu ta zo ɗaya.